Tagogin Brewster a na'urar rage ƙarfin leza: me ya hana ƙarfin sauka har ƙasa?

Tambayar a taƙaice ita ce: mai tambaya yana da lezar CO2 mai wat 100, yana so ya riƙa rage ƙarfin hasken kaɗan-kaɗan ba tare da ya taɓa wutar da ke shiga lezar ba. Ya samo tagogin ZnSe guda biyu (zinc selenide, wani abu mai kama da gilashi da hasken lezar CO2 ke ratsawa), ya kafa su a karkace cikin wani bututu da ake iya juyawa, kamar yadda ya ga ana yi. Idan ya juya bututun ƙarfi yana sauka, amma ya ƙi yin ƙasa da wat goma ko kusa da haka. Ban da wannan, zaren hasken yana zagayawa idan ya juya, kuma ƙaramar mitar auna ƙarfi da ke karanta ɗan hasken da wani madubi ke tsakuro mata ta daina dacewa da babbar mita. Yana so ya san ko kusurwar ce bai samu daidai ba.

Malam, da wuya a ce kusurwar ce. Wat goman da ka gani shi ne kusan iyakar abin da tagogin ZnSe biyu za su iya ba ka, ko da wa ya kafa su. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne cewa tagar da aka karkatar ba ta cinye haske. Tantance shi take yi. Tana barin wani kashi ya wuce gaba ɗaya, tana kuma karɓar haraji daga ɗaya kashin. Yawan harajin ne ya yi maka kaɗan.

Haske igiyar lantarki ce da ke kaɗawa a gicciye da hanyar da take bi. Ka ɗauka an ɗaure igiya a jikin ƙusa kana kaɗa ɗaya bakin: kana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko a karkace tsakaninsu, duk da cewa motsin hanya ɗaya yake bi, zuwa wajen ƙusar. Wannan fuskar kaɗawar ita ce duk abin da muke magana a kai. Idan haske ya faɗi a kan gilashi a karkace, ana raba kaɗawarsa gida biyu. Akwai wadda ke kwance cikin shimfiɗar da ta haɗa zaren da ya shigo da wanda ya dawo, ana ce mata p. Akwai wadda ke gicciye da wannan shimfiɗa, wato tana kwance a jikin fuskar gilashin, ana ce mata s. Ka lura cewa p da s ba halin lezar ba ne. Dangantaka ce tsakanin haske da tagar. Haske ɗaya zai zama p yanzu, ka juya tagar digiri 90 ya koma s, alhali shi bai canja ba. Kan wannan aka gina na'urarka.

Étienne-Louis Malus na Faransa ne ya gano a 1808 cewa hasken da gilashi ya mayar yakan fito da fuskar kaɗawa guda. A 1815 David Brewster ya wallafa ƙa'idar da ta ɗaure abin da lissafi: akwai kusurwa ɗaya da idan haske ya faɗi a kanta, kashin p ba ya dawowa ko kaɗan, kuma tan na wannan kusurwa daidai yake da n, ma'aunin yadda abin ke lanƙwasa haske. Ana auna kusurwar ne daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar tagar, ba daga fuskar kanta ba, kuma mutane da yawa a nan suke fara ɓata. Gilashi mai n na 1.5 kusurwarsa digiri 56.3 ce. Silika a tsawon zango (wato tsawon igiyar hasken) na nanomita 1064, inda n ke wajen 1.45, digiri 55.4. ZnSe a maikuromita 10.6 na lezar CO2, inda n ke 2.4, digiri 67.4. Jamaniyum mai n na 4 ya kai digiri 76.

Dalilin ɓacewar p yana da daɗin fahimta. Hasken da ya dawo ba tsalle ya yi daga fuskar gilashi ba. Cajojin lantarki da ke cikin gilashin ne hasken ya girgiza, su kuma suka sake fitar da shi. Caji mai girgiza yana watsa haske ta kowane gefe ban da ta tsawon layin da yake girgiza a kai. A kusurwar Brewster, zaren da ya shige ciki da wanda ya kamata ya dawo suna yin digiri 90 cif a tsakaninsu, saboda haka hanyar dawowar ta faɗo daidai kan layin girgizar p. Babu abin da zai fita ta nan. Ita kuwa s tana gicciye da duka hanyoyin biyu, don haka tana dawowa abinta. Wannan ne ya sa tun da daɗewa ake rufe bakin bututun lezar iskar gas, irin su HeNe da agon da CO2, da tagogi a wannan kusurwa: p tana kai da kawowa tsakanin madubai ba asara, s tana asara a kowane zagaye har ta kasa tashi, sai lezar ta fito da fuskar kaɗawa guda.

Yanzu ga inda matsalarka take. Ƙa'idar Brewster ta ce p za ta wuce duka. Ba ta ce s za ta dawo duka ba. Lissafin Fresnel, wani masanin haske na Faransa, ne ke faɗin nawa za ta dawo, kuma a wannan kusurwa amsar gajeriya ce: ka ɗauki n² ka cire 1, ka raba da n² da aka ƙara wa 1, ka ninka sakamakon da kansa. Ga gilashin 1.5, kashi 15 cikin 100 kawai kowace fuska ke mayarwa. Ga ZnSe, kusan kashi 50. Ga jamaniyum, wajen kashi 78. Kowace taga fuska biyu gare ta, don haka tagar ZnSe ɗaya tana barin rabin rabi, wato kashi 25 na s, ya wuce. Taga biyu, kashi 6.5. A lezarka wat 6.5 ke nan, a kan takarda.

To ina sauran, tun da kai goma kake gani? Yana cikin tagar kanta. Hasken s da fuskar baya ta mayar ba duka yake ficewa ta fuskar gaba ba. Rabinsa yana sake komawa ciki, ya fito ta gaba a layi ɗaya da babban zaren, ya ɗan goce gefe. A tagar ZnSe mai kaurin milimita 3, gocewar wannan inuwar ba ta wuce milimita ɗaya ba, ƙarfinta kuma ya kai rubu'in na babban zaren s da ya wuce. Idan faɗin zarenka ya kai milimita biyar ko shida, to inuwar tana cikinsa, mitarka kuma tana ƙirga ta. Idan aka tara duk waɗannan kai da kawowa, taga ɗaya tana barin kashi 34 maimakon 25, taga biyu kuma wajen kashi 11. Ka ga wat gomanka. Har ila yau, da yake hasken lezar CO2 yana da tsabtar zango sosai, inuwar da babban zaren suna iya ƙarfafa juna ko su raunana juna gwargwadon kaurin tagar, kaurin da n kuwa suna motsi da zafi. Shi ya sa za ka ga lambar ƙasan nan ba ta tsayawa wuri ɗaya a mintocin farko bayan ka kunna. Masu ƙera irin waɗannan tagogi sukan yi musu ɗan bambancin kauri daga wannan baki zuwa wancan don inuwar ta kama wata hanya daban, sannan a jera su biyu-biyu ta yadda karkacewar da ɗaya ta jawo ɗaya za ta warware.

Magani na farko shi ne ƙarin tagogi. Idan an kawar da inuwoyin, tagogin ZnSe huɗu suna barin kashi 0.4 na s, shida kuma ƙasa da kashi 0.03. A nan ne za ka gane alherin n mai girma. Da gilashi na yau da kullum ake aikin, a zangon da yake wucewa, sai an jera faranti 15 kafin a sauko kashi ɗaya cikin ɗari, abin da ZnSe huɗu suka wuce. Jamaniyum ya fi su duka tantancewa, amma ban ba ka shawararsa a wat 100 ba. Yana ƙara shan haske idan ya ɗumama, shan hasken kuma yana ƙara ɗumama shi, haka abin zai yi ta hauhawa har ya lalace. Kuma ba ya barin jan haske ya wuce, don haka ba za ka iya saita hanya da ƙaramar leza mai ganuwa ba. ZnSe yana bari, kodayake n ɗinsa a jan haske ya kai wajen 2.6, saboda haka jan ɗigon jagora ne kawai, ba ainihin inda zaren CO2 zai bi ba.

Kafin ka sayi tagogi shida, ka duba takardar lezarka ka ga tsabtar fuskar kaɗawarta. Idan an rubuta 100 bisa 1, ma'anarsa kashi ɗaya na hasken yana kaɗawa a gicciye da sauran. Lokacin da ka juya bututu digiri 90 don ka toshe babban kashin, wannan ƙaramin kashi shi ya zama p, ya wuce ba wanda ya tambaye shi. Wat ɗaya ke nan, ko tagogi ashirin ka jera. Idan kuwa lezar ba ta da tsayayyar fuskar kaɗawa sam, ko an riga an mayar da kaɗawar mai zagaye kamar yadda ake yi a injinan yankan ƙarfe, to juya bututun ba zai canja komai ba. Dole na'urar ta zauna kafin madubin da ke mayar da kaɗawar mai zagaye, ba bayansa ba.

Batun zagayawar zare mai sauƙi ne. Haske da ya ratsa faranti a karkace yana fitowa a kan layin da ya goce gefe. A ZnSe a kusurwar Brewster gocewar kusan kashi uku cikin huɗu na kaurin tagar ce, wato milimita 2.3 ga taga mai milimita 3. Idan ka kafa biyun suna kallon gefe ɗaya, gocewar ta zama 4.6, kuma tana bin bututun duk inda ya juya, sai zaren ya zana da'ira. Ka juya ta biyun ta fuskanci ta farko, su yi siffar V, kaurinsu ɗaya: abin da ta farko ta goce, ta biyu ta mayar. Idan bayan haka har yanzu yana zagayawa, to ko dai tagogin ba su yi kauri ɗaya ba, ko akwai ɗan karkacewar fuska da ba a warware ba, ko kuma tsakiyar juyin bututun ba ta kan zaren.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne saɓanin mitocin nan biyu, domin shi ne ke nuna aibin wannan tsari na asali. Hasken da ke fita daga bututunka ba ƙarfinsa kaɗai ya canja ba, fuskar kaɗawarsa ma ta juya. A ce ka juya digiri 45. Rabin ƙarfin p ne, rabi s. Kashin p ya wuce duka, na s ya ragu sosai, jimilla wajen kashi 53. Amma yanzu abin da ya fito ya karkata zuwa ga p na bututun, ya bar inda lezar ta ajiye shi da kusan digiri 31. Ka ci gaba da juyawa, karkatar ta kai kusan digiri 37 a wajen juyin digiri 63, daga nan ta fara komawa, har a digiri 90 ta dawo daidai inda ta faro, tun da a nan ragowar s ce kawai ke fita. Madubin da ke tsakuro wa ƙaramar mitarka haske a karkace yake, shi ma yana da nasa p da s, kuma ba ya mayar da su daidai wa daida. Kana juya bututu, kason da yake tsakurowa yana canjawa. Mitar ba ta lalace ba. Duk wani abu da ke gaba wanda ya damu da fuskar kaɗawa zai nuna irin wannan hali: madubin raba haske, lu'ulu'un da ke rage tsawon zango zuwa rabi, har bakin yankan ƙarfe, inda shan hasken ya dogara da yadda kaɗawar ta kwanta da layin yanka.

Hanya biyu ake bi a kauce wa wannan. Wadda na fi so, duk inda za ta yiwu, ita ce a bar mai tantancewa, wato farantin da ke raba p da s, a kafe, a juya hasken maimakonsa. Ana sa farantin rabin zango a gaba. Idan ka juya shi da kusurwa kaza, fuskar kaɗawa tana juyawa ninki biyu, ƙarfin da ke wuce mai tantancewa kuma yana bin ƙa'idar Malus, wato cos² na wannan ninkin. Daga cikakken ƙarfi zuwa mafi ƙanƙanta juyin digiri 45 ne kawai, rabi kuma yana kan 22.5. Abin da ya fito kullum p ne na kafaffen faranti, zaren ba ya motsi, hasken da aka ƙi kuma kullum hanya ɗaya yake bi zuwa mahaɗiyi, wato abin da aka ajiye don ya shanye shi. Wannan ne tsarin da za ka tarar a lezoji da yawa irin su Nd:YAG mai zangon nanomita 1064 ko 532, da farantin kwatz da kuma mai tantancewa na silika da aka shafe fuskarsa ɗaya da siraran rufi masu yawa. Rufin yana mayar da kusan duk s a fuska ɗaya, aikin da faranti goma sha wani abu za su yi, kuma har yanzu ana kafa shi a wajen digiri 56 domin fuskar baya da ba a shafa ba ta bar p ta wuce kyauta.

A maikuromita 10.6 kwatz ba ya barin haske ya wuce, haka ma kalsait da ake yin firizim ɗin tantancewa da shi. Akwai farantan rabin zango na lu'ulu'u irin CdS, amma ba su ne zaɓin farko ba idan ƙarfi ya yi yawa. Shi ya sa a duniyar CO2 hanya ta biyu ta fi yawa: bututu mai juyawa irin naka, a bi shi da wani jerin tagogi kafaffe wanda p ɗinsa ta dace da fuskar lezar ta asali. Na farko ya rage, na biyu ya miƙe fuskar kaɗawa. Ƙarfin a nan yana bin cos⁴ na juyin, ba cos² ba, don haka a digiri 45 kana kusa da rubu'i idan tagogin suna da yawa. Jerin na biyu zai kuma share wat ɗayan nan na rashin tsabtar lezar. Abu ɗaya da ba zai yi maka ba shi ne rage ragowar s da ta kuɓuce wa jerin farko a digiri 90, domin ita tana kan fuskar asali, a wurinsa p ce. Don haka idan kuɗin tagogi shida gare ka, huɗu a mai juyawa, biyu a kafaffe.

Game da kusurwar da kake zargi, tana da haƙuri fiye da yadda ake zato. A ZnSe, idan ka kauce da digiri biyu da rabi, abin da p ke asara a kowace fuska bai wuce kashi 0.2 zuwa 0.3 ba. Kaucewar za ta ɗan motsa lambarka ta ƙasa, amma gyara ta ba zai kai ka har ƙasa ba. Inda zai dame ka shi ne a lezar kilowat, inda kashi 0.3 wat uku ne a kowace fuska, yana yawo cikin bututu. Abin da kusurwar ba ta haƙuri da shi shi ne zaren da ke tsukewa ko buɗewa. Kada ka sa tagogin bayan lensi. Kowane ɓangaren zaren zai faɗi da tasa kusurwar, kuma faranti a karkace yana ɓata wurin haɗuwar haske, ya mayar da ɗigo ya zama ɗan layi. Ka kuma tuna cewa zaren yana shimfiɗuwa a kan fuskar tagar: a digiri 67.4 tsawonsa ya ninka sau 2.6, don haka zare mai faɗin milimita 10 yana cin milimita 26 na tagar, kafin a bar masa sarari a gefe. Wannan shimfiɗuwar riba ce ta wani ɓangaren, domin ta rage zafin da ke kan kowane ɗigo na fuskar, kuma taga marar rufi ba ta da abin da zai ɓare. Shi ne babban dalilin da ya sa wannan tsoho tsari bai mutu ba, alhali tace-hasken da ke shanye ƙarfi ko ƙyubun tantancewa da aka manne da gam ba sa kai labari a irin wannan ƙarfi.

Wurin ɗaure tagogin ma yana da tasiri. Idan ka matse taga da ƙarfi a mazauninta, matsin yana sa ta riƙa juya ɗan kashin p zuwa s da akasin haka, sai tantancewar ta lalace ba tare da ka ga wani tabo ba. Zafi marar daidaito daga ƙura ko shatin yatsa shi ma haka yake yi. Ka ɗaure su a sassauce, ka riƙe su da safar hannu, kuma idan ZnSe ya fashe ko ya ƙone kada ka shaƙi ƙurarsa ko hayaƙinsa, akwai guba.

Sai maganar wat 90 da ka ƙi. Suna nan, ba su ɓace ba. Fuskar farko kaɗai tana jefar da kusan wat 50 a lokacin da ka rufe gaba ɗaya, a kan hanyar da ta kauce wa ta asali da digiri 45, kuma duk juyin da ka yi wannan zaren yana share da'ira a jikin bututun. Ido ba ya ganinsa. Dole cikin bututun ya zama mai shanye haske ta ko'ina, ba ƙarfe mai ƙyalli da zai mayar da shi kan tagogi ba, kuma a wannan ƙarfi yana buƙatar fikafikan sanyaya ko ruwa. Idan bututunka a buɗe yake ta gefe, kada ka sake kunnawa sai ka rufe shi, da tabaran kariya na zangon 10.6 a fuskarka.

Idan aikin da kake nufi yana buƙatar ƙarfi ƙanƙani sosai, misali ƙasa da wat ɗaya, kada ka dogara da ƙarshen juyi. A can kusa da digiri 90 ɗan motsi kaɗan yana ninka abin da ke fita, kuma duk wani rawar zafi ko na fuskar lezar a nan yake bayyana. Gara ka fara zubar da mafi yawan ƙarfin da kafaffen madubin raba haske zuwa mahaɗiyi, sannan ka yi saitinka da bututun a tsakiyar juyinsa, tsakanin digiri 20 da 70, inda lambar ke bin lissafi. Ka zana jadawalin digiri da wat da babbar mita a ainihin wurin aiki, bayan lezar ta yi ɗumi, ka kuma matsar da madubin ƙaramar mitar zuwa bayan kafaffen jerin.